Dizal, Batir ko Haidirojin: Wanne Zai Riƙe Wurinka In An Ɗauke Wuta?

Akwai wuraren da in an ɗauke wuta ba zafi da sauro kaɗai ake fama da su ba. Ƙarfen sabis da ke bakin daji, ɗakin sanyi da ake ajiye allurar rigakafi, ɗakin gwajin jini na asibiti, ɗakin da kwamfutocin ma'aikata ke kwana a kunne. Mai kula da irin wannan wuri yau tayi uku ne a gabansa. Ga janaretan dizal da ya sani ciki da bai, ga mai sola ya kawo lissafin batirin litiyam, ga kuma sabon abin da ake yawo da bidiyonsa a waya: wani akwati da ake kira fuwel sel, mai shan iskar haidirojin ya ba da wuta, ba hayaƙi, ba ƙara, sai ɗan ruwa da ke ɗiga ta ƙasa. Shi ma wannan na ukun iri biyu ne, akwai mai shan haidirojin daga silinda, akwai mai shan metanol, wani ruwan sinadari dangin barasa. Zaɓi ya zama huɗu ke nan.

Don kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki wurin da ke jan kilowat 5 dare da rana. Yunit 120 ke nan a kwana guda, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. A kan wannan wuri zan yi duk lissafin, kai sai ka sa adadin naka.

Abin da za a auna

Tambaya ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: awa nawa wuta ke yi ba ta dawo ba? Wurin da ake ɗauke wa wuta awa huɗu da wurin da ba a taɓa kafa masa falwaya ba, ba magani ɗaya suke sha ba. Ta biyu, daga ina abincin na'urar zai riƙa zuwa, kuma wa zai kawo shi ranar da damina ta yanke hanya? Sai kuɗi, shi ma fuska biyu gare shi: na ranar saye, da na kowane yunit bayan nan. Sai ƙarko da gyara, wato shekara nawa zai yi, kuma in ya tsaya ƙarfe biyun dare wa za ka kira. Sai haɗari. Na ƙara da abin da takardun talla ba su cika faɗa ba, domin a ƙasashen sanyi ake rubuta su: yaya abin zai yi da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, da ƙurar hunturu?

Janaretan dizal

Ba sai an daɗe a kansa ba. A cikin huɗun shi ne mafi arha ranar saye, mansa yana kowane gidan mai, bakanikensa yana kowace unguwa. Injin Perkins ko Cummins mai lagireto, in ana ba shi haƙƙinsa, yakan yi awa 15,000 zuwa 20,000 kafin a sauke shi a yi masa babban gyara. Haƙƙin nasa kuwa shi ne juyen baƙin mai da sauya filta duk awa 250, wanda ga injin da ba ya hutawa kusan duk kwana goma ke nan.

Lita ɗaya ta dizal tana ba da kusan yunit 3 in injin yana ɗauke da lodin da ya dace da shi. Wurinmu zai sha lita 40 zuwa 50 a kwana. Amma yawanci ba a sayen daidai. Sai ka tarar an girke mai kVA 20 a kan lodin kilowat 4 ko 5, wai don a bar wa gaba wuri. Injin dizal in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi uku cikin goma na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai. Baƙin danƙo ya riƙa tsiyaya ta salansa, yunit ɗin da lita ke bayarwa ya sauko zuwa 2. Tun da lita ta haura naira dubu a Najeriya, wannan asara ta daina zama abin kau da kai. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga kuma abin da duk mai ƙarfen sabis ya sani: dizal yana da ƙafa, jarka guda ta ishe shi ya bar wurin.

Batirin litiyam, da sola ko ba sola

Irin da ya dace da wannan aiki shi ne LFP, domin ya fi sauran litiyam jure zafi da wuyar kamawa da wuta. Yana yin caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, wato shekara takwas zuwa sama in sau ɗaya ake juya shi a rana. In ka zuba masa yunit goma zai mayar maka da tara. Ba ya son sabis, ba ya ƙara, kuma yana karɓar lodi kafin ƙiftawar ido, kwamfuta ba za ta ma san an ɗauke ba. Farashinsa a duniya sauka yake ta yi: ƙididdigar kamfanin bincike BloombergNEF ta sa matsakaicin kuɗin yunit ɗaya na ma'ajin batirin litiyam a dala 139 a 2023, ya koma dala 115 a 2024. Kafin ya iso hannunka da kuɗin jirgi da kwastan da ribar dila zai fi haka nesa ba kusa ba, amma dai alkiblar ƙasa take kallo.

Rauninsa ɗaya ne, babba kuma. Batir randa ce, abin da ka zuba shi za ka kamfata. Janareta da fuwel sel kuwa famfo ne, muddin ana turo ruwa ba sa ƙafewa. In kana son awa huɗu a wurinmu, batirin yunit 25 ya wadatar. In kwana guda cur kake so, sai na yunit 120 zuwa sama, nauyinsa ya haura tan ɗaya. In kwana uku ne, ninka kuɗin sau uku, alhali yawancin ranakun shekara kashi biyu cikin ukun suna zaune ba aikin komai. Sola tana rage wannan ciwo sosai a ƙasarmu, inda kilowat ɗaya na faranti ke ba da kusan yunit 5 a rana mai kyau. Sai dai hadarin Agusta da hazon Janairu suna iya jera kwanaki suna cin amfanin, ga ƙura da ke kwantawa a kan faranti in ba mai gogewa.

Abu biyu za a kiyaye. Ɗakin batir in yana wuce digiri 35 a kullum, shekarun da aka yi maka alkawari ba za su cika ba. Sannan kasuwa cike take da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka sa wa sabuwar riga, an rubuta 200Ah a jiki alhali cikin bai kai ba. Shi ma batir ɓarayi sun san darajarsa.

Akwatin haidirojin: abin da ke faruwa a cikinsa

Ba a ƙona komai a ciki, babu fistin, babu abin da ke juyawa in ban da fanka da famfo. Zuciyar akwatin jerin faranti ne da aka matse wuri ɗaya, ɗaruruwa a manyan akwatuna. Tsakanin kowane faranti biyu akwai wani tantani na roba wanda bai kai kaurin takarda ba, an shafa masa garin filatinam, wani ƙarfe mai tsada, fuska biyu. Haidirojin yana shiga ta fuska ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya fuskar. Filatinam yana raba haidirojin gida biyu, furoton da ilektiron. Tantanin yana barin furoton ya ratsa, ilektiron kuwa ba shi da hanya sai ya zagaya ta waya, kuma wannan zagayen shi ne wutar da kake so. A ɗaya gefen su sake haɗuwa da oksijin su zama ruwa. Kilo ɗaya na haidirojin yana haifar da lita 9 na ruwa, yawancinsa tururi mai ɗumi.

Ƙwaya ɗaya, wato tantani ɗaya da farantan da ke gefensa, ba ta da wani ƙarfi. In ba lodi tana kusa da bolt ɗaya, in aka ɗora mata lodi ta sauko 0.6 ko 0.7. Shi ya sa ake jera su. Kusan rabin ƙarfin haidirojin ke zama wuta, rabin ya zama zafi, jerin kuma yana son zama tsakanin digiri 60 da 80.

Jerin faranti shi kaɗai ba ya ba kowa wuta. Abin da ake sayarwa a matsayin akwati ya ƙunshi fankar tura iska, na'urar jiƙa iskar don kada tantani ya bushe, famfon ruwan sanyaya, famfon da ke mayar da haidirojin da bai yi aiki ba, da ƙaramar kwamfuta mai lura da kowa. Misali sananne shi ne wanda Toyota ta sanar a Fabrairun 2021, daga fasahar motarta Mirai: kilowat 60 ko 80, wutar da ke fita tsakanin bolt 400 da 750, nauyi wajen kilo 250. Kamfanin EODev na Faransa yana sa irinsa a cikin janaretansa GEH2. Ballard na Kanada yana yin na motocin bas, Plug Power na Amurka yana yin na motocin ɗaga kaya a sito. Ƙananan da ake yi wa ƙarfen sabis, masu kilowat 2 zuwa 5, da yawansu iska ce kawai ke sanyaya su, kuma bolt 48 suke fitarwa.

In ka tsaya kusa da shi lokacin tashi, da farko fanka za ka ji ta ɗauka, sai ƙas na bawul ya buɗe, lambar bolt ta fara hawa a allo, sai wani ƙas mai ƙarfi na makunnin da ke haɗa shi da lodi. Bayan nan shiru, sai dai lokaci zuwa lokaci ka ji fis, yana furzar da ruwa da gurɓatacciyar iskar da ta taru a gefen haidirojin. Wanda bai sani ba zai ɗauka yoyo ne. Ba yoyo ba ne, amma dole bututun wannan furzar ya fita waje, sama.

Yadda ake haɗa shi da kayan aiki

Mai sayarwa zai ce maka jonawa kawai za ka yi. A gaskiya baki biyar gare shi, kowanne da sharaɗinsa.

Bakin wuta shi ne mai rikici. Wutar DC yake bayarwa, irin ta batir, kuma ba tsayayya ba: jeri mai ƙwaya 100 zai nuna kusan bolt 95 ba lodi, ya faɗo 65 in ya ɗauki cikakken lodi. Babu na'urar da za ta yarda da wannan hawa da sauka, saboda haka sai an bi ta na'urar daidaita bolt. Wasu akwatunan da ita suke zuwa, wasu sai ka saya daban, ka tambaya tun kafin ciniki ya faɗa. Daga nan, in ƙarfen sabis ne, kai tsaye ake jona shi kan layin bolt 48 tare da batir, ya riƙa tashi da kansa in ya ga bolt ɗin layin ya sauka. In firji ne ko injin gwaji masu son wutar AC ta bolt 230, sai an sa inbata, da makunnin sauya layi tsakaninsa da wutar gari. Ana kuma sa abin da zai hana wuta komawa baya cikin jerin faranti, domin hakan na lalata shi.

Sannan batir. Mutane da yawa suna zaton in sun sayi fuwel sel sun rabu da batir. Ba su rabu ba. Batir ne ke kunna fanka da famfo kafin jerin ya fara ba da wuta, shi ke riƙe lodi a wannan minti ɗin na tashi. Kuma kwamfiresar ɗakin sanyi in za ta tashi tana fizgar wuta ninki biyar ko fiye na abin da take ci. Fankar iska ba ta iya bin wannan fizga nan take, jerin kuma in aka ja shi ba isasshiyar iska ko haidirojin, cinye kansa yake yi a hankali. Batir ke shanye bugun. Ko GEH2 da batirinsa a ciki yake zuwa.

Bakin haidirojin: silinda tana da matsin bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsin iska ne), akwatin kuwa kaɗan yake so, sai an sa rigileta mai mataki biyu da bututun ƙarfe marar tsatsa. Tiyon gas ɗin girki ba shi da wuri a nan. Tsabtar iskar ma doka ce: ƙa'idar ISO 14687 ta ce kashi 99.97 cikin ɗari, domin ɗigon iskar kabon monoksaid ko farar wuta ya isa ya kashe filatinam.

Bakin iska: filtarsa ba ta ƙura kaɗai ba ce, tana da gawayin da ke kama hayaƙi mai guba. Wanda ya ajiye akwatin kusa da salansar tsohon janareta don waya ta yi gajarta, guba yake shayar da shi kullum. A hunturu filta za ta toshe da wuri fiye da yadda littafin ya ce, busasshiyar iska kuma tana busar da tantani, musamman a ƙananan da iska ke ratsawa kai tsaye.

Bakin ruwan sanyaya shi na fi jin tsoro a hannun mutanenmu. Bakanike ya saba in lagireto ya yi ƙasa ya fasa ledar fiya wata ya juye. A nan ruwan tsakanin faranti masu wuta yake bi, saboda haka dole ya zama wanda aka tsame wa gishiri har ba ya ɗaukar lantarki, da filtarsa ta musamman. Ruwan rijiya sau ɗaya ya isa ya sa akwatin ya kashe kansa, ko ya sa wuta ta bi jikin ƙarfe. Lagireton kuma babba yake so. Injin dizal yana zubar da kaso mai yawa na zafinsa ta salansa, shi kuwa wannan kusan duka ta lagireto zai bi, da ruwan da bai wuce digiri 70 ba. In iskar waje tana 43, tazarar ta yi kaɗan, sai akwatin ya rage ƙarfinsa da kansa. Ka nemi a rubuta maka kilowat nawa zai ba da a digiri 45, ba a 25 ba.

Na biyar wayar magana ce, CAN ko Modbus, wadda akwatin da inbata da batir ke jin juna da ita, tare da na'urar shinshinar yoyo da maɓallin kashe komai.

Lissafin silinda

A nan gizo ke saƙar. Kilo ɗaya na haidirojin yana ɗauke da ƙarfin yunit 33, akwatin ya mayar da kusan 16 wuta. Wurinmu zai ci kilo 7 da rabi a kwana. Adadin kamar ba yawa, sai ka ji yadda ake ɗauko shi. Doguwar silindar ƙarfe mai lita 50, irin tsayin ta masu walda, a matsin bar 200 ba ta ɗaukar fiye da kashi uku cikin huɗu na kilo, ita kuwa nauyinta ya haura kilo 60. Silinda goma ke nan kowace rana. Za ka yi dakon ƙarfe sama da kilo 600 don ka kawo iska kilo 7 da rabi, ka kuma mayar da ƙarfen fanko.

Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: kilo ɗaya na haidirojin daidai yake da lita 5 na dizal, ko lita 8 in janaretanka ya fi ƙarfin lodinsa. Duk farashin da aka faɗa maka na kilo, har da kuɗin mota da hayar silinda, ka kwatanta da wannan. A Kalifoniya, inda ake da gidajen sayar da shi, kilo ya haura dala 30 a 2023. A Najeriya ana yin haidirojin da yawa a masana'antun taki, na Dangote a Lekki da na Indorama a Eleme, amma a can cikin gida ake mayar da shi amoniya sannan yuriya, ba a ɗura wa kowa a silinda.

To a yi shi a wurin mana, da sola da ruwa? Ana yi. Sai dai na'urar fasa ruwa tana cin yunit 50 zuwa 55 kafin ta ba da kilo ɗaya, kilon ya dawo maka da 16. Kashi ɗaya cikin uku ke nan, inda batir ke mayar da tara cikin goma. In duk wutar wurinmu ta wannan hanya za ta bi, farantin sola na kilowat 80 ake nema. Ta batir, na kilowat 30 ya isa. Ribar haidirojin guda ɗaya ce a nan, ana iya tara shi a watan Maris a sha a Agusta bai rage ba.

Kuɗin sayen akwatin ya ninka na janareta mai ƙarfinsa sau da yawa. Ƙarko kuwa ya danganta da iri: ƙananan na jiran ko-ta-kwana awa dubu kaɗan ake ƙiyasta musu, manyan da ke motocin bas na Landan kuwa an ga sun wuce awa 25,000. Ba baƙin mai, ba filtar mai, kuma zama ba aiki na watanni ba ya sa shi ƙin tashi irin yadda tsohon dizal ke yi a tanki. Amma ranar da allo ya nuna lambar matsala, bakaniken unguwa ba shi da abin yi, kuma jerin faranti ba a gyara shi a benci, sauyawa ake yi.

Haɗarin haidirojin daban yake da na fetur. Ba shi da wari, ba shi da launi, harshen wutarsa da ƙyar ake gani da rana, kuma yana kamawa in ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75. A fili ba ya taruwa, sama yake tashi ya watse. A ɗaki mai silin kuwa can ƙarƙashin rufi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Saboda haka silinda a waje suke zama, cikin keji mai inuwa, na'urar shinshina kuma a sama ake kafa ta, ba ƙasa ba kamar ta gas ɗin girki. A Yunin 2019 wani gidan sayar da haidirojin kusa da Oslo a Norwe ya fashe, bincike ya nuna murfin tanki ne ba a ɗaure kusoshinsa yadda ya kamata ba.

Mai shan metanol

Wannan dabara ce ta kauce wa silinda. Ana zuba ruwan metanol da aka gauraya da ruwa a tanki, wani sashe mai zafi a cikin na'urar ya fitar da haidirojin daga ciki, ya miƙa wa jerin faranti. Yana shan kusan lita ɗaya a kowane yunit, wato wurinmu zai ci lita 120 zuwa sama a kwana, kusan ninki uku na dizal a yawa, amma dai a duro ake kawo shi. Vodacom ta sa irinsu a wasu ƙarafan sabis ɗinta a Afirka ta Kudu, Ballard kuma ta sayar da reshenta mai yin irinsu ga kamfanin CHEM na Taiwan a 2016. Akwai kuma EFOY na kamfanin SFC Energy na Jamus, mai shan metanol kai tsaye, amma wat ɗari ko 'yan ɗaruruwa yake bayarwa, na kyamara ne da na'urorin auna yanayi.

Gaurayen ba ya tuƙa mota ko janareta, don haka ɓarawo ba shi da kasuwarsa. A ɗaya hannun, sashen mai zafi yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama in daga sanyi aka tashe shi, yana fitar da iskar kabon, kuma ya ƙara yawan abin da zai iya lalacewa. Metanol guba ne, kurɓa kaɗan na makantar da mutum, ga shi fari tas kamar ruwa. A kulle duron, a rubuta gargaɗi a jiki.

| | Dizal | Batirin LFP | Haidirojin a silinda | Metanol |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | ƙasa | yana hawa da yawan awa | sama | sama |
| Abincin kwana ɗaya | lita 40 zuwa 50 | cajin yunit 135 | silinda 10 | lita 120 zuwa sama |
| Samun abincin | ko'ina | wutar gari ko rana | sai an yi yarjejeniya | sai an yi oda |
| Ƙarko | awa 15,000 zuwa 20,000 | juyi 3,000 zuwa 6,000 | awa dubu kaɗan zuwa sama da 20,000 | awa dubbai |
| Mai gyara | kowace unguwa | manyan garuruwa | wakilin kamfani | wakilin kamfani |
| Zafi da ƙura | yana jurewa | yana son inuwa | yana rage ƙarfi | yana rage ƙarfi |
| Sata | da yawa | akwai | kaɗan | kaɗan |
| Haɗari | hayaƙi, gobara | gobara in jabu ne | yoyo a rufaffen wuri | guba |

Wa ya dace da wanne

In wutar gari tana zuwa maka kullum, ɗaukewar ba ta wuce awa shida ko takwas, batir kawai za ka saya, kada ka wahalar da kanka da sauran.

In babu wutar gari sam, ko ta zama baƙuwa, irin asibitin karkara ko ƙarfen sabis na ƙauye a Katsina ko Damagaram, ni dai sola da batir zan sa su ɗauki yawancin aikin, in ajiye ƙaramin janaretan dizal daidai lodin don kwanakin hadari. Janaretan da ke aiki 'yan awoyi a mako yana cajin batir da cikakken lodi ba shi ne mai cinye kuɗi ba.

In sata ce ta fi damunka, wurin yana da nisa, kuma kamfaninka yana da wurare da yawa da za a raba musu kuɗin kawo duro da na horar da ma'aikaci, mai metanol yana iya maye gurbin wancan ƙaramin janareta. Ga mai wuri ɗaya tak, bai cancanci wahalar ba.

Akwatin haidirojin na silinda yana haskawa ne a wuri iri biyu. Na farko inda wuta ba ta cika yankewa ba, amma in ta yanke takan daɗe, kuma ba a son hayaƙi ko ƙara: silinda ashirin za su zauna shekara ba su lalace ba, su riƙe wurinmu kwana biyu. Irin wannan tunani ne ya sa Microsoft ta gwada mai megawat 3 tare da Plug Power a 2022 don rumbunan kwamfutocinta. Na biyu inda aikin ba ya tsayawa kuma tankin haidirojin yana cikin harabar, kamar sitocin Walmart da Amazon a Amurka, inda motar ɗaga kaya ke shan iska cikin minti uku maimakon ta jira cajin awa takwas. Haka masana'antar da ita kanta take samar da haidirojin a aikinta. In kana cikin waɗannan, kafin ka sa hannu a takardar akwatin ka fara sa hannu a ta mai kawo iskar: farashin kilo a ƙofarka, shaidar tsabtarsa, da kwana nawa zai ɗauka ya iso in ka kira.